Smith's Dock: maƙerar jiragen kamun kifi da ta zana wa sojan ruwan Birtaniya jirgin rakiya

Tambaya: A tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ana cewa jiragen da suka riƙa raka ayarin jiragen kaya a Tekun Atlantika asalinsu daga zanen jirgin masunta aka samo su. Wane kamfani ne ya yi wannan aiki, yaya jirgin kamun kifi zai rikiɗe ya zama na yaƙi, kuma me ya sa yanzu ba a jin ɗuriyar kamfanin?

Amsa: Malam, kamfanin da kake nufi shi ne Smith's Dock, na arewa maso gabashin Ingila. Akwai ɗan gyara a maganar da ka ji: jirgin da aka kwaikwaya a 1939 na farautar wel ne, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kashewa don manta. Amma hannun da ya zana shi a kan jiragen su, wato na kamun kifi, ya goge, don haka masu faɗin haka ba su yi nisa da gaskiya ba.

Asalin kamfanin a bakin Kogin Tyne yake. A 1810 Thomas Smith ya karɓi maƙerar William Rowe da ke St Peter's a Newcastle. A 1851 iyalin suka buɗe wata a North Shields, kusa da inda kogin ke shiga teku, kuma a nan suka yi suna wajen gyaran jirage. Sunan Smith's Dock ya zo a 1891, a 1899 kuma suka haɗe da kamfanin iyalin Edwards. Da wuri ya yi musu kaɗan a Tyne, sai suka nemi fili a South Bank, bakin Kogin Tees kusa da Middlesbrough, suka fara gina sabuwar maƙera a 1907. Ƙira ta koma can, North Shields ta tsaya a kan gyara. Zaɓen Tees na da dalili: Middlesbrough garin narkar da ƙarfe ne, farantin da za a yi jirgi da shi a maƙwabta ake murza shi, kwal kuma ga shi a gundumar Durham.

Kafin a gane abin da sojan ruwa suka gani a wurinsu, sai an san yadda jirgin su na zamanin tururi yake aiki. Ƙatuwar koma yake ja a ƙasan teku. A gefe guda na jirgin, galibi dama, akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, ɗaya gaba ɗaya baya, ta cikinsu igiyoyin waya biyu ke bi su sauka ruwa. A ƙarshen kowace waya akwai faffaɗan allon katako mai ɗaurin ƙarfe. Idan jirgin ya ja, ruwa na tura allunan su buɗe, bakin komar ya wage. Injin naɗe waya mai amfani da tururi yana zaune a doron jirgin gaban ɗakin tuƙi, shi ke saki, shi ke janyowa. Saboda wannan aiki ake yi wa jirgin goshi mai tudu don ya sari igiyar ruwa, tsakiya ƙasa-ƙasa don a iya jawo koma da hannu, baya kuma a nutse sosai don kada farfela ta fito sama idan teku ya hautsine. Ba a ƙera shi don gudu ba, an ƙera shi don ja da jure wahala na makonni.

To, share nakiyar teku kusan aikin nan ne. Nakiyar wancan zamani tana shawagi ƙasa da fuskar ruwa, an ɗaure ta da waya zuwa wani nauyi a ƙasan teku. Jirage biyu ke jerawa da waya a tsakaninsu, kowanne da wani abu mai nauyi da ke danne wayar ta tsaya a zurfin da ake so. Idan ta ci karo da igiyar nakiya sai ta yanke ta, nakiyar ta taso, a harbe ta da bindiga. Admiral Charles Beresford ne ya ba da shawarar a gwada jiragen su a wannan aiki a 1907, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke an riga an kafa sashen masunta a rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwa. Masunci bai buƙaci a koya masa riƙe waya ba.

Da yaƙin ya yi tsawo, jiragen da aka karɓa daga hannun 'yan kasuwa suka kasa isa, sai gwamnati ta zaɓi zane uku na jiragen su ta ce a yi ta bugawa: Strath daga Hall Russell na Aberdeen, Mersey daga Cochrane na Selby, da Castle daga Smith's Dock, wanda asalinsa sun zana shi ne don wani kamfanin su na Swansea. Tsawon Castle ƙafa 125 ne, ƙarfin injinsa doki 480, gudunsa kimanin kilomita 19 a awa, da igwa ɗaya a goshi. Yawansu ya kai har aka rasa sunaye, aka koma ɗauko sunayen ma'aikatan jiragen Victory da Royal Sovereign da suka yi yaƙin Trafalgar ana raɗa musu. A yaƙin nan kuma Smith's Dock suka zana jiragen sintiri na ajin Kil, waɗanda gabansu da bayansu kusan iri ɗaya ne, don mai leƙe daga jirgin ƙarƙashin teku ya ruɗe a kan inda suka dosa.

Jirgin su na da aibi biyu a aikin nakiya, kuma duka biyun daga kyawunsa suka fito. Nutsewar bayansa ta sa yana ratsa daidai zurfin da ake dasa nakiya, don haka sau da yawa shi ke taka abin da ya je cirewa. Rashin gudunsa kuma ya fito fili a mashigin Dardanelles a watan Maris na 1915, inda ƙarfin ruwa ya hana jiragen ci gaba da zarar sun saki wayarsu, suka zama abin bara ga igwogin Turkiyya.

Tsakanin yaƙoƙin biyu kasuwar da ta riƙe South Bank ita ce farautar wel a tekun Antatika. Jirgin farauta ɗan'uwan jirgin su ne, amma buƙatarsa daban. Dole ya fi gudu, ya iya juyawa a ɗan ƙaramin wuri, ya tashi da sauri daga tsaye, goshinsa ya yi tudu sosai don a girka bindigar mashi, kuma ya iya tafiya daga Turai zuwa ƙarshen kudancin duniya da ƙafarsa. A 1936 suka ƙera Southern Pride, mai tsawon ƙafa 160, wa kamfanin Southern Whaling and Sealing, wanda a lokacin mallakar Unilever ne. Man wel a sabulu da man shafa burodi yake ƙarewa, wato kasuwa ɗaya yake takara da gyaɗar da UAC, reshen Unilever ɗin, ke saye a Kano.

A farkon 1939 Hukumar Sojan Ruwa ta Birtaniya ta ga yaƙi na tafe, ga shi ba ta da isassun jiragen rakiya. Manyan maƙeran da suka saba da aikin soja duk sun cika da odar manyan jirage. William Reed na Smith's Dock ya kawo shawarar a ɗauki zanen Southern Pride a ƙara masa tsawo. A watan Yuli na 1939 aka ba da odar farko ta jirage 26. Na farkonsu, Gladiolus, ya sauka ruwa a South Bank a watan Janairu na 1940. Aka kira su ajin Flower saboda na Birtaniya sunayen furanni aka ba su, aka kuma farfaɗo musu da tsohon sunan nan kobet.

Ga abin da jirgin ya ƙunsa: tsawo ƙafa 205, faɗi ƙafa 33, nauyi tan 925 zuwa 940, farfela ɗaya, inji ɗaya mai ƙarfin doki 2,750, iyakar gudu kimanin kilomita 30 a awa. Idan ya tafi a hankali, wajen kilomita 22 a awa, mansa na kai shi kimanin kilomita 6,500. Makamansa igwa mai bakin inci 4 a gaba, da gangunan bam na zurfi wajen 40 da farko, da na'urar Asdik mai aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa.

Inda hikimar take shi ne injin, kuma nan ne mutane suka fi raina jirgin. Tsohon yayi ne, mai fistan. Tururi na fitowa daga tukunya ya shiga ƙaramar silinda da cikakken ƙarfinsa, ya wuce matsakaiciya, sannan ya rabu zuwa manya biyu inda ake tatse ragowar ƙarfinsa, daga nan a sanyaya shi ya koma ruwa a mayar tukunya. Sojan ruwa sun fi son injin tabain, amma yanka fukafukansa da haƙoran giyarsa aiki ne da kamfanoni ƙalilan suka iya, kuma duk an riga an kama su. Injin fistan kuwa kowace maƙerar jiragen kasuwa na iya zuba shi, kuma duk injiniyan da ya taɓa aiki a jirgin su ko na kaya ya san shi kamar yunwar cikinsa. Yana jin inda ya yi zafi da tafin hannu, yana gane ƙarar da ba ta dace ba da kunne. Da man fetur mai kauri ake hura tukwanen, don haka ba a buƙatar tulin masu zuba kwal.

Tukwanen farko irin waɗanda ake kira Scotch ne: ƙatuwar ganga cike da ruwa, wuta na ratsa bututu a cikinta. Amfaninta shi ne tana ajiye tururi mai yawa, idan kyaftin ya nemi gudu farat ɗaya za ta ba shi na ɗan lokaci. Matsalarta ita ce ba a yi mata gaggawa. Daga sanyi sai an ɗauki awanni masu yawa ana ɗumama ta sannu a hankali, domin idan sama ya yi zafi ƙasa na sanyi, ƙarfen zai buɗe ba daidai ba, ɗinkin ya fara yoyo. Babban abokin gabarta ruwan gishiri ne. Idan bututun na'urar sanyaya tururi ya huje, ruwan teku ya shiga ruwan tukunya, gishiri zai yi ɓawo a kan bututun wuta, zafi ya kasa wucewa, ƙarfen ya yi laushi ya lotsa. Ruwan kuma ya riƙa kumfa yana bin tururi zuwa silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, yana iya fasa murfin silinda. Shi ya sa ake gwada gishirin ruwan tukunya a kai a kai, kuma bayan wani adadin awannin aiki dole a tsayar da jirgi a wanke tukwane, ko da ayari na jira.

Gangar jikin ma bisa ƙa'idar jiragen kasuwa aka yi ta, wadda ta fi ta soja sauƙi. Ana fara zana layukan jirgin da cikakken girmansu a kan daɓen wani ƙaton ɗaki, a fitar da samfurin katako na kowane ɓangare. A shimfiɗa ƙashin baya a kan gangara, a gasa haƙarƙarin ƙarfe a tanderu a lanƙwasa su bisa samfur tun suna ja, a tsayar da su, sannan a liƙa faranti. Haɗin da ƙusar ribit ake yi: yaro ya gasa ta, wani ya cafe ya zura a rami, ɗaya ya tokare kanta daga ciki, masu bugu su murje ɗaya bakin daga waje. Idan ta huce sai ta tsuke ta matse farantan biyu. Ƙusar da aka buga bayan ta fara sanyi ba ta cika rami, wadda aka ƙona kuma gautsi gare ta. Mai duba aiki na bi da ƙaramar guduma, duk wadda ta yi ƙarar sako-sako a sare ta a sake. Daga nan mai toshe ɗinki ya bi gefen faranti da kurfi ya danne don kada ruwa ya sami hanya. Wannan sauƙi ne ya sa aka iya aika zanen zuwa ƙananan maƙera a Ingila da Scotland, da Harland and Wolff a Belfast, da Kanada, wadda ta ƙera sama da 100 duk da ba ta da dogon tarihin ƙera jiragen yaƙi. Jimillar da aka yi ta kusa 300. Har Faransa ta yi oda. La Bastiaise, da Smith's Dock suka ƙera mata, ta taka nakiya ta nutse a wajen gwaji a watan Yuni na 1940, waɗanda ake ƙerawa a Saint-Nazaire kuma suka faɗa hannun Jamus, ta ƙarasa wasunsu ta yi aiki da su.

Sai abin da ya lalace. Don rakiyar gaɓar teku aka zana jirgin, amma faɗuwar Faransa a 1940 ta ba jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sansani a Lorient da Brest da Saint-Nazaire, yaƙin ya koma tsakiyar Atlantika, aka tura kobet inda ba a shirya shi ba. Tsawonsa bai kai ya haye igiyoyin ruwa biyu a lokaci guda ba, sai ya hau ɗaya ya faɗa ramin da ke bayanta. Ƙasansa a zagaye yake, yana tangaɗi hagu da dama ba ƙaƙƙautawa. Ba ya kifewa da sauƙi, amma mutanen ciki na galabaita, kuma wanda ya kwana uku yana amai ba zai iya sauraron Asdik da kyau ba. Rufin goshinsa gajere ne, akwai buɗaɗɗen fili tsakaninsa da ɗakin tuƙi inda ruwa ke zuba. Wurin kwana na gaba, kicin na baya, don haka abinci sai an ratsa wannan fili da shi. An tsara shi don mutum ƙasa da 50, amma da aka ƙara na'urori da makamai adadin ya haura 80 a cikin wuri ɗaya, ga raɓa na ɗiga daga farantin ƙarfe. Gudunsa ma bai kai na jirgin ƙarƙashin teku na Jamus samfurin Type VII ba idan yana saman ruwa, domin shi yana yin kusan kilomita 33 a awa.

Akwai kuma matsalar kai hari. Asdik na rasa abin da yake bi idan an matso kusa sosai, gangunan bam kuma ta baya da gefe ake sakinsu, sai jirgin ya bi ta kan abokin gaba. Kowace ganga ta kai kilo 190 kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta nutse, a wannan tsakani matuƙin jirgin ƙarƙashin teku ya riga ya karkata. An rage wannan da makamin Hedgehog mai cilla ƙananan bama-bamai 24 zuwa gaba tun ana jin abokin gaba. An tsawaita rufin goshi zuwa baya, an faɗaɗa fukafukan ƙasa masu rage tangaɗi, an mayar da dogon sandan jirgin bayan ɗakin tuƙi, an kuma sa na'urar radar samfurin 271, wadda aka fara gwadawa a kan kobet Orchis a 1941. A ganina bai kamata a auna jirgin da adadin abin da ya nutsar ba, ko da yake yana da hannu a nutsar da kimanin 50. Aikinsa shi ne ya tilasta wa maharin nutsewa. A ƙarƙashin ruwa gudun Type VII bai wuce kilomita 14 a awa ba, kuma na ɗan lokaci ne kafin batir ya ƙare, ayari kuwa ya yi gaba. Irin wannan rakiya sun yi ta har zuwa Firitawun a Saliyo, inda ayarin kayan Afirka ta Yamma ke haɗuwa. Southern Pride kansa an karɓe shi aikin soja, kuma a wannan gaɓa ya lalace a 1944.

Reed bai tsaya nan ba. Ya zana ajin River: tsawo ƙafa 301, injin kobet guda biyu, farfela biyu, ƙarfin doki 5,500, gudu kimanin kilomita 37 a awa, zango kusan ninki biyu. Na farko, Rother, a South Bank ya sauka ruwa a ƙarshen 1941, kuma an ƙera 151. Da aka ga gangarar ƙananan maƙera ba ta ɗaukar wannan tsawo, sai aka fito da kobet na ajin Castle mai ƙafa 252 da makamin Squid mai cilla bam na zurfi zuwa gaba, na farkonsu Hadleigh Castle a 1943. Injinsa ɗaya ne irin na Flower, kuma da yake jikinsa ya fi tsawo da kama iska, yana wahalar sarrafawa idan yana tafiya a hankali cikin guguwa. Jiragen su na kasuwa da kamfanin ya ƙera su ma sun shiga yaƙin. Bedfordshire, ƙirar 1935, an ba Amurka aronsa, aka nutsar da shi kusa da gaɓar North Carolina a watan Mayu na 1942 da duk mutanensa.

Game da mutuwar kamfanin, kasuwanninsa ne suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Bayan yaƙi an sayar da kobet da yawa da araha, wasu aka mayar da su jiragen farautar wel, wato tsofaffin ƙirarsa suka rage masa sabuwar oda. Wel ɗin ma aka kashe su har suka yi ƙaranci. Christian Salvesen, babban kamfanin Birtaniya a harkar, ya bar ta a 1963. Kamun kifin nesa ya sauya zuwa manyan jirage masu jawo koma ta baya su daskarar da kifi a ciki, sannan ƙasar Aisilan ta yi ta faɗaɗa iyakar ruwanta, mil 12 a 1958, mil 50 a 1972, mil 200 a 1975, abin da ya karya jiragen masuntan garuruwan Hull da Grimsby. Sojan ruwa kuma sun koma jirage masu tabain da lantarki da makamai masu linzami, aikin da ƙwararrun maƙeran soja kaɗai ke samu.

Ya rage wa Smith's Dock ya shiga kasuwar jiragen kaya, kuma ya yi ƙoƙari: a 1968 ya ƙera Manchester Challenge wa kamfanin Manchester Liners, ɗaya daga cikin jiragen kwantena na farko da Birtaniya ta ƙera don ƙetare teku, ya kuma yi jiragen dakon kayan sanyi. Amma a wannan kasuwa ba shi da wani abin da ya fi kowa. Tun 1956 Japan ta wuce Birtaniya a yawan ƙira, da walda da haɗa manyan ɓangarori a rumfa kafin a kai su gangara, Koriya ta Kudu kuma ta biyo baya da farashi mai rahusa. Rahoton Geddes na 1966 ya ba da shawarar maƙera su haɗe, a shekarar kuma Smith's Dock ya shiga ƙarƙashin rukunin Swan Hunter. Tashin farashin mai na 1973 ya durƙusar da odar jirage a duniya. A 1977 gwamnati ta mayar da maƙeran ƙasar mallakarta ƙarƙashin British Shipbuilders. A 1986 aka sanar da rufe South Bank saboda rashin oda, jirgin ƙarshe ya sauka ruwa a ƙarshen shekarar, a farkon 1987 aka kulle ƙofa.

Filin North Shields yanzu gidajen zama aka gina a kansa, kuma unguwar na amsa sunan Smith's Dock. Daga cikin ajin Flower guda ɗaya ne ya rage, Sackville, yana ajiye a Halifax ta Kanada. A Saint John aka ƙera shi, bisa zanen South Bank.